Sunan da Ya Maƙale a Bakin Hajiya Hasiya

Matso kusa, gyara zama. Ajiye wayar nan tukuna, ba inda za ta. Labarin wata baiwar Allah zan ba ka, Hajiya Hasiya ta Wheaton, wadda in ka taɓa zuwa suna ko walima a wajen Hausawan Maryland, da wuya a ce ba ka ci tuwonta ba, ko da ba ka san mai tuƙin ba.

'Yar Kano ce, haifaffiyar Gwale, daga irin gidajen nan masu jinin Fulani da kunya ta yi wa katutu. Tana da ƙuruciyarta ta biyo mijinta, Malam Sabo, wanda ya samu aikin fassara a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin gwamnati na kudu maso yammacin Washington. Ta sauka da ɗa ɗaya a hannu, bai daɗe da iya magana ba. Daga baya ta haifi Sadiyya a nan. Malam ya fita da safe ya hau jirgin ƙasa, ita kuwa ta buɗe ƙofa, matan da ke aikin asibiti su yi ta kawo mata 'ya'yansu reno. Wasu likitoci da lauyoyin da kake gani yau suna taƙama da kwat, a gadon bayanta suka yi barci. Kowanne ta raɗa masa sunan wasa, kuma har gobe in ta hango su daga nesa sai ta ƙwala kira, ta rungume, ta ja kumatu, ko da mutum ya fara furfura.

Mutum ɗaya ne kawai ba ta taɓa kiran sunansa ba: ɗanta na fari, Munzali.

Kada ka ce ƙiyayya ce. A inda ta taso, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma cika haɗa ido da shi. Ga shi kuma sunan surukinta aka sa wa yaron, mahaifin Malam. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan yaro ɗaya. In za ta kira shi sai ta ce “kai”. In za ta yi maganarsa sai ta ce “yaron nan”. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan ɗanta, Malam take kallo ya amsa, ma'aikatan su ɗauka Turanci ne ya yi mata wuya.

Da Malam ya rasu, Munzali, wanda a lokacin ya zama injiniyan ruwa da gidansa a Beltsville, ya gyara mata ɗaki a ƙasa don kada ta sha hawan bene. Har ƙarfen da za ta riƙa dafawa in za ta tashi ya sa a banɗaki, matarsa Wahida ta sayo buta da dadduma. Hajiya ta zo ta duba, ta sa albarka, sannan ta ce wa Sadiyya ba za ta iya ba. Yaya za ta zauna a gidan ɗan fari, ta tauna abinci yana kallo, ta yi hamma a gaban suruka? Sai ta zaɓi gidan dattawa da ke Wheaton, irin wanda kowa ke da ɗakinsa da kicin ɗinsa, ga babban falo na kowa da kowa, ga motar da ke kai su cefane. Munzali ya kwashe mata kaya da hannunsa.

Duk Asabar yakan zo bayan azahar. Tun Juma'a Hajiya take jiƙa busasshen kifi, ta daka daddawa, don ta san yadda yake son miyar kuka, kada ta yi kauri. Rana na take tsakiya za ka same ta a bakin taga tana leƙen inda ake ajiye motoci. Amma da zarar motarsa ta shigo, sai ta koma kujera ta ɗauki carbi, kamar wadda ta manta yau wace rana ce. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ta tura masa kwano. Ya ci, ya gyara mata talabijin ko famfo, ya tafi.

Wata Asabar a farkon bazara ya gama cin abinci bai tashi ba. Shi yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake mayarwa, kamar yawancin yaran da suka girma a nan. Ya ce an ba shi babban aiki a Seattle, can ƙarshen ƙasar ta yamma, kuma an ba shi har ƙarshen shekara ya yi shawara.

“Momi,” ya ce, “in kin ce in zauna, zan zauna.”

Seattle! Ita da gwiwar nan, ai sai dai a waya. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, “Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.”

Ya ɗan jira ko akwai saura. Babu. Ya ɗauki makullin mota.

To, a wannan bazarar ne gidan nasu ya shiga wani shiri na musayar ziyara da wani gidan dattawa da ke kusa da Toronto a Kanada. Tsofaffin can su zo nan su yi mako, daga baya na nan su rama. Kowane baƙo ana haɗa shi da mai masauki, ya kwana a ɗakin baƙi, amma wuni da ci da yawo duk tare. Hajiya ba ta yi niyyar shiga ba. Maƙwabciyarta Bariatu ce ta tura ta, wata 'yar zangon Kumasi mai baki kamar rediyo, wadda ta yi shekaru tana aikin kula da marasa lafiya a gidaje. Hajiya ta sha fama da ita a kan Hausar Gana, har Bariatu ta koyi ce wa mace “ke” maimakon “kai”, amma in rai ya ɓaci ko daɗi ya yi yawa sai ta koma gidan jiya.

“Hajiya, kai dai ka cika zaman ɗaki!” in ji ta. “Baƙuwa ce za a ba ka, ba kura ba.”

Aka ba Hajiya wata tsohuwar nas mai suna Olive, haifaffiyar Jamaika, doguwa, mai farin gashi da sanda mai ado. Tun ranar farko suka ɗinke. Olive ta ɗanɗana yajin Hajiya ta ce wannan ai na yara ne, Hajiya ta ƙara mata cokali, sai ga hawaye, tana tari tana cewa bai kai na garinsu ba. Suka zaga shagunan 'yan Afirka na Wheaton, Olive na ɗaga kuɓewa da doya tana yi musu kirari da sunayen garinsu. A wani shago suka ci karo da wata likita da Hajiya ta rena, Olive ta ga yadda Hajiya ta rungume ta, ta kira ta da sunan wasa, ta gyara mata ɗankwali a tsakiyar mutane.

Sai Asabar ta zo.

Olive na zaune ta ga komai. Ta ga tsayuwar taga, ta ga komawa kujera. Ta ga ƙaton mutum mai furfura a gemu ya durƙusa, uwar ta kau da kai. Hajiya ta gabatar da shi da cewa, “Yaron nan ne.” Shi ya faɗi sunansa da kansa. Ita kuwa Olive ta yi shekaru tana aiki da tsofaffi, ta san abin da yakan sa tsohuwa ta kasa kallon ɗanta. Da ya tashi tafiya ta ce za ta raka shi bakin lif, ƙafarta na son motsi.

Suna fita ta tare shi da sanda.

“Tsaya, saurayi. Me ka yi wa mahaifiyarka?”

Munzali ya dube ta, ya yi wata dariya mara daɗi. “Madam, tun ina firamare nake yi wa kaina wannan tambayar.”

“Ba wasa nake ba.”

“Ni ma haka. Babana ya taɓa gaya min wai al'ada ce, ɗan fari. Na sani a kai. Amma ina gani tana goya yaran maƙwabta, tana yi musu waƙa. Na gina mata ɗaki ta ƙi. Na ce in ta ce in zauna zan zauna, ta yi min addu'ar tafiya. Ke me za ki fahimta?”

Lif ya zo, ya shiga.

Olive ba ta iya ɓoye magana ba. Ta dawo ta tarar Bariatu ta shigo ɗibar miya, ta zazzage musu komai, har da zargin da ta yi masa. Bariatu ta riƙe ciki tana dariya.

“Wayyo Allah! Munzali? Mutumin da ko ƙuda ba ya iya kashewa? Baiwar Allah, ai wannan kau da kan da kika gani, shi ne son. Wanda aka fi so shi ake ɓoyewa.”

“To shi wa ya gaya masa?” in ji Olive.

“Ai kowa ya sani!”

“Kowa a ina?”

Dariyar Bariatu ta tsaya. Hajiya kuwa ta sunkuyar da kai. Carbin na hannunta, amma ba ya tafiya.

Abin da ya faɗo mata shi ne tsakar gidansu Malam a Gwale. A can, ranar da aka yaye yaron nan, kakarsa ce ta ɗauke shi. Ita ke kiransa Maigidana, ita ke ɓoye masa ƙosai a gefen zane, a bayanta yake barci. Goggonninsa su yi ta jan sa da wasa. Da a can ya girma, da duk ranar da ya yi zazzaɓi wata za ta raɗa masa, “Ka ga uwarka? Ko ruwa ba ta sha ba tun jiya saboda kai.” Uwa ta yi shiru, gida ya yi magana a madadinta. Haka aka yi mata ita ma, don ita ma 'yar fari ce, kuma ba ta taɓa shakkar son da mahaifiyarta ke yi mata ba. Amma shi jirgi ya ɗauke shi daga bayan kakarsa ya sauke shi a wani ɗaki a Wheaton, inda babu kowa sai uwa mai kallon bango da uba mai dawowa a gajiye.

A hankali ta ce da Hausa, “Bariatu, mun ɗauko kunyar, mun bar kakar a gida.”

Kada ka ɗauka daga nan komai ya gyaru. Asabar ta gaba ta yi niyya, har ta tsara maganar tun tana tuƙa tuwo. Yana shigowa wuyanta ya juya da kansa. Abin da mutum ya yi shekara arba'in da wani abu yana yi, ya riga ya shiga ƙashi. Haka bazara ta wuce. Sadiyya ta gaya mata a waya cewa Wahida ta fara duba makarantu a Seattle.

Da kaka ta kama, kakar yanayi nake nufi, lokacin da ganyayen bishiyoyi ke komawa ja da ruwan ɗorawa, sai aka ce 'yan Wheaton su shirya ramuwar ziyara. Hajiya da Bariatu suka hau jirgi da sauran tsofaffi, da ƙullin yaji a jaka.

Ɗakin Olive ya ba ta mamaki. Ko'ina hoton mutum ɗaya ne: yana jariri, yana ƙwallo, yana sanye da hular gama jami'a. Raymond, ɗanta tilo. Raymond kaza, Raymond kaza, sunan ba ya minti biyar bai fito daga bakinta ba. Hajiya har kunya ta riƙa kama ta a madadinta.

“Yana ina?” ta tambaya.

“Ostireliya. In na tashi yana barci, in ya tashi ina barci. Sai dai saƙo.”

Suna zaune a benci a bakin wani ɗan tafki da ke bayan gidan, agwagi na yawo, Hajiya ta ƙudundune cikin rigar sanyi biyu. Olive ta daɗe tana tona ƙasa da sandarta.

“Kin san me na ce masa da ya zo min da maganar tafiya? Na ce je ka, ɗana, duniya taka ce. Har rawa na yi masa. Ƙarya nake, Hasiya. So nake in kama ƙafarsa. Kin ga ni na faɗi sunan har ya gaji da ji, ke kin ɓoye shi har ya yi tsatsa, amma da aka zo wajen magana ɗaya da ta kamata, ni da ke duk maƙaryata ne.”

“Ni addu'a na yi masa,” in ji Hajiya.

“To addu'ar ce kika ɓuya a bayanta.”

Hajiya ta harare ta. Sai kuma ta yi murmushi.

A gidan su Olive akwai al'adar shan shayi da la'asar a babban falo, kuma duk baƙon da ya zo sai ya miƙe ya faɗi ko shi wane ne da su wa ya bari a gida. Da layi ya zo kan Hajiya, Bariatu na can kicin tana musu da mai dafa abinci a kan barkono. Hajiya ta dafa tebur ta tashi. Ta duba falon. Fuskoki ne na mutanen ƙasashe iri-iri, kuma babu kunne ɗaya a cikinsu da ya san faɗin sunan ɗan fari abin kunya ne.

Ta faɗi sunanta da garinsu. Ta ce tana da 'ya, Sadiyya, tana koyarwa.

“Kuma ina da ɗa. Shi ne babba. Sunansa Munzali.”

Rufin bai faɗo ba. Wata ma cokali take juyawa a kofi. Sai wani tsoho mai na'urar ji a kunne, Alexander, ya karkato.

“Mun me?”

“Munzali.”

“Ɗaga murya, 'yar'uwa, batirin ya yi sanyi!”

Haka Hajiya Hasiya, 'yar Gwale, ta tsaya a tsakiyar falo a Kanada tana ƙwala sunan ɗanta na fari, kuma sunan surukinta, har tsohon ya iya maimaitawa. Olive na gefe tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Ranar komawa, Munzali ya zo filin jirgi ɗaukarsu. Wajen cike yake da mutane. Hajiya ta hango shi ya ba su baya yana duba wata ƙofar daban. Ta ce “kai”, hayaniya ta haɗiye. Ta buɗe baki, sunan ya taso har maƙogwaro, ta ji shi a kan harshe. Ya tsaya a nan. A Kanada ya fita, amma ga mai sunan a tsaye, ya ƙi.

“Munzali!” Bariatu ta kwatsa, har wani ɗan sanda ya waiwayo. “Ga mu nan, ka tsaya kana kallon 'yan mata!”

A mota Hajiya ta zauna a baya kamar kullum, Bariatu a gaba. Suka hau babban titi, rana na haska jajayen bishiyoyi. An yi nisa ba mai magana sai Bariatu da ke ba da labarin rashin gishirin abincin Kanada. Can sai Hajiya ta gyara murya.

“Bariatu.”

“Na'am, Hajiya.”

“A can an tambaye ni sunayen 'ya'yana. Na faɗa.”

“Duka?”

“Duka. Da na farin. Har sai da na maimaita wa wani kurma.”

Bariatu ta juyo gaba ɗaya. “Kai, Hajiya! Ka faɗa? Ina ina?”

“Kina faɗan barkono.” Ta mai da ido kan taga. “Ki gaya wa mai tuƙin nan, ɗakin da ya gyara min, ba ƙin sa na yi ba. Na je na gani. Na ga ƙarfen da ya sa a banɗaki. Da na koma gida ban iya cin abinci ba.”

Motar ta ɗan rage gudu.

“Ki kuma gaya masa garin nan da ake kiransa ya yi nisa. Ni da Asabar nake gane mako. In ya tafi, ban san da me zan riƙa ganewa ba.” Ta ɗan tsaya. “Kada ya tafi. Ki gaya masa haka.”

Bariatu ta juya ta dubi mai tuƙin. Ba ta isar da saƙon ba, ba a kuma bukaci ta isar ba. Munzali ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan titi. Suka wuce wata gada. Sannan ya yi magana, da Hausa, irin Hausar da ta daɗe a ajiye, tana tuntuɓe.

“Anti Bariatu. Ki gaya ma ta... na ji. Ki gaya ma ta ina zuwa Asabar. Da Asabar na bayan shi.”

“Ta bayanta,” in ji Hajiya daga baya, tana kallon taga. “Asabar mace ce.”

Bai tafi Seattle ba. Har yanzu yana Beltsville, ita kuma tana Wheaton, don ɗakin nan dai ba ta koma ba. Har yanzu “kai” take ce masa. Abin da ya canza kaɗan ne: in motarsa ta shigo, ba ta barin bakin taga. Tana tsaye har ya ɗaga kai ya gan ta, sannan ta je ta ɗauki carbinta. Ita da Olive kuwa duk Lahadi suna waya, kuma kafin a gama gaisuwa sai Hajiya ta tambaye ta ko ta gaya wa Raymond gaskiya. Olive ta ce tana nan tana shiri.

To ni dai abin da nake ta juyawa a raina ke nan, na kuma bar maka shi ka tafi da shi. Mu da muka ƙetaro da al'adunmu a cikin akwati, wace ce muka ɗauko rabinta muka bar rabin a tsakar gida, kuma wa ke zaune kusa da mu yana jiran a fassara masa shirunmu?